Jarka Biyu daga Tafkin Kan Dutse

A Garwa, cikin ƙasar Kamaru, na fara gane cewa bakina ya ja mini. Kwana huɗu ke nan da barin gida, ga ni tsugune a ƙofar ofishin jandarma, wani mai ƙaton tumbi yana jujjuya komata ta kamun kifi da bakin sandarsa. Ya yi mini Faransanci, na mayar masa da Hausa. Ya koma Fillanci, na tattaro 'yan kalmomin da na tsinta wurin Fulanin da ke shayar da shanu a gaɓarmu, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ƙarshenta ya ce idon komar ya yi ƙanƙanta, dokarsu ta hana. Ya cillo mini takarduna, ya tura komar ƙarƙashin tebur da ƙafa. Wata biyu na yi ina ɗinkinta, kuma na tabbata kafin sati tana hannun wani surukinsa a bakin kogi.

Sunana Arzika. Basarke ne ni, masunci, ɗan wani ƙauye a gaɓar tafkin Kainji, kusa da Wara. A lokacin ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, mutane na ta murna, mu kuwa warangi ya ƙare mana. Warangi shi ne ɗan mitsitsin kifin nan da ake shanyawa a rana a auna da mudu, kuma shi ke riƙe da gidanmu. Sai mu ja taru tun asuba har hantsi, abin da za mu samu bai cika kwano ba. Yayana Bagudu ya ce shi ya gaji. Zai cire injin jirginmu, wanda shi kaɗai gare mu, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa biyar ya koma tafkin Chadi. Ya ce Inna ma ta shirya.

Inna ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce, "Sau ɗaya anka tashe ni, ranar da anka datse kogi. Ruwan ga ya ci gidan ubana da kushewar ɗiyana biyu ina kallo. In za ka tahi, Allah shi kiyaye hanya. Ni nan za a rufe ni."

A satin nan ne na ji wani ɗan kasuwar bandar kifi mai suna Jabbi yana zuba a rumfar mai shayi a Yelwa. Wai a Kamaru akwai tafki a saman dutse, cike da wani ɗan kifi kamar warangi amma ya fi shi haihuwa, har sai ka ture shi da hannu kafin ka ɗebi ruwan alwala. Wai da idonsa ya gani. Na dawo gida kaina na hayaƙi. A gaban dattawan gaɓa, rana tsaka, na ce wa Yaya ya ba ni zuwa farin ruwa, wato lokacin da ruwan damina mai laka ke saukowa tafki. Na ce zan kawo irin kifin nan da ransa, mu zuba a lungunmu ya hayayyafa. Yaya ya dube ni ya ce, "Na ji. In farin ruwa ya zo ba ka zo da kihi mai rai ba, kada ka sake buɗe min baki." Abin da ya kai ni gaban jandarma ke nan.

Daga Garwa na hau motar albasa. A saman buhuna muka zauna, mu tara, ruwan sama na dukanmu, tamfol ɗaya kuma albasa aka rufa wa. Warin albasar nan ya hana kowa sukuni, ni kuwa sai ya riƙa kai ni kasuwar Yelwa ranar da jirage ke sauke kaya, har na ji ƙwalla na neman zubo mini. Wanda ke kusa da ni ya ce yajin albasa ne, na bar shi a haka. Bayan Ngaundere hanya ta zama kunu. Tsakanin Tibati da Banyo sau shida muna sauka mu tura mota, laka har gwiwa, direba na zaune a ciki yana zaginmu wai ba ma turawa da zuciya ɗaya.

A Banyo na nemi gidan Alhaji Sanda mai goro, wanda Jabbi ya ce shi ne maigidansa, shi ya raka shi tafkin. Na same shi a zaure, dattijo mai fara'a. Da na gama bayani sai ya ajiye goron da yake ɓarawa.

"Jabbi? Wannan mai haƙorin azurfa?"

Na ce shi.

"Ai Jabbi bai taɓa wuce zauren nan ba, ɗana. Nan ya kwana uku yana zawo. Labarin tafkin a bakin wani dillalin shanu ya ji, kuma dillalin ma ban ce ya je ba."

Wallahi da Jabbi na kusa a ranar, da sai an kai mu gaban alƙali. Na zauna ina huci, Alhaji ya sa aka kawo mini tuwon masara da miyar kuka, ya bar ni na cinye kafin ya sake magana. Ya ce tafkin dai akwai shi, can kudu cikin duwatsu inda Fulani ke kiwo, amma shawararsa in juya gida. Na ce in juya in ce wa dattawan gaɓa me? Ya girgiza kai, ya rubuta mini sunan garin ƙarshe da mota ke zuwa a bayan takardar sabulu, ya ƙara mini da goro biyar.

Kwana uku a mota, kwana biyu a ƙasa. Ni mutumin ruwa ne, tudun da na sani a rayuwata bai wuce na jibgar ƙasar gini ba. Nan kuwa hawa ake ba sauka. Ga jarka biyu manya da na saya na yanke musu baki, na rataya a sanda. In na yi taku ashirin sai na tsaya ina haki, iskar ba ta cika ƙirji. Sanyi kuma ba irin namu ba ne da ke tafiya in rana ta fito. Wannan yana nan da rana, yana nan cikin tuwo, yana nan cikin sallah. Mutanen dutsen suna wuce ni da buhun dankali a ka, mata da tsofaffi, suna gaishe ni da yarensu suna kallon jarkokina.

Ranar da na isa, sai da na tambayi wani makiyayi ko akwai wani tafkin a gaba. Ya ce shi ke nan. Rami ne zagayayye a tsakiyar dutse, ruwan baƙi ƙirin, hazo na kwance a kansa. Ni da na tashi inda ba ka hango ɗaya gaɓar, ga ni tsaye gaban ruwan da ƙaramin ɗan Yaya zai iya ƙetarewa da iyo kafin a sauke tukunya. Ba jirgi ko ɗaya, ba taru a shanye, ba ƙarnin kifi, ba hayaniya. Na gangara na tsuguna a kan wani falalen dutse na zura ido.

Kifin yana nan. A wannan dai Jabbi bai yi ƙarya ba. Tsawonsa bai fi ƙaramin yatsana ba, bayansa baƙi, gefensa da ɗigo-ɗigo ruwan zinariya, idonsa ya yi wa kansa girma. Suna tafe a hankali cikin 'yan ƙungiyoyi, suna tsattsagar gansakuka a jikin duwatsu. Amma maganar ture su da hannu, ƙarya ce tsagwaronta. Duk kifin da na gani a yinin nan ba zai cika mudu biyu ba. Na zauna na zagi Jabbi, na zagi mai shayin da ya ba shi benci, na zagi kunnuwana. Da na gaji sai na lallashi kaina cewa ƙanƙantar ruwan ce ta hana su yawa, in suka samu faɗin Kainji za su nuna hali.

A bakin ramin akwai ruga, kuma a nan Allah ya haɗa ni da Dada Hajjo. Tsohuwa ce siririya, mijinta kafin ya rasu ya yi kiwo har ƙasar Hausa, don haka tana da 'yar Hausarta mai gutsure-gutsure. Ta gan ni ina kakkarwa, ba ta tambaye ni daga ina ba, ta miƙo mini madara mai ɗumi a ƙwarya, ta jefo mini bargon marigayin. Sai da na sha na dawo hayyacina ta ce ba a taɓa ruwan nan sai da izinin mai shi. Ta kai ni wurin wani tsoho daga mutanen dutsen, wanda kakanninsa ke kula da tafkin. Yana zaune bakin wuta da rana tsaka. Suka yi magana mai tsawo, yana dubana yana duban jarkokin.

Dada ta juyo ta ce, "Ya ce ka ɗiba. Ya ce ba su taɓa hana kowa ba, don kifin ba ya sauka dutse."

Na ce, "Kamar yaya ba ya sauka?"

"Haka ya ce. Ba ya sauka."

Na ɗauka barazanar tsafi ce. A raina na ce tsoho, ba ka san da wa kake magana ba. Mu Sarkawa da ruwa aka haife mu, kuma akwai addu'ar da Baba ya bar mini wadda ko kada ya ji sai ya kauce. Na yi godiya na tashi, ban ƙara tambayar komai ba.

Tunda jandarma ya gaje komata, gidan saurona na farke na ɗaura a jikin gora huɗu, na yi 'yar atalla irin wadda muke nutsawa mu ɗaga. Kwana biyu ina tara su kaɗan-kaɗan. A rana ta uku ragar ta maƙale a wani kututture can ƙasa. A gida in taru ya maƙale ba a shawara, tuɓe riga ake a nutsa. Na tuɓe na faɗa. Ban taɓa sanin ruwa na iya duka ba sai ranar. Ƙirjina ya ƙulle, hannuwana suka ƙi jin magana, ni da nake daɗewa a ƙarƙashin ruwa har a fara nemana, ga ni ina shure-shure a wurin da zurfinsa bai fi gaba biyu ba. Da ƙyar na kama dutse na jawo jikina, ragar na hannuna, ban ma san na ciro ta ba. Dada ta tsugunar da ni gaban murhu tana ta faɗa da Fillanci, na gane kalmar mahaukaci kawai.

Da jikina ya dawo na leƙa jarka na ga 'yan kifin nan suna yawo a sanyaye, sai tausayinsu ya kama ni. Na ce bayin Allah, ashe cikin wannan azaba kuke tun da aka halicce ku. Shi ya sa ba ku girma, shi ya sa ba ku yawa. Ku yi haƙuri, zan kai ku inda ruwa ke da daɗi.

Ranar saukowa na cika jarka ɗaya da kifi, sun kai ɗari da wani abu, ɗayar kuma da ruwan tafkin zalla don canji a hanya. Dada ta kawo buhunan algarara biyu ta jiƙa, ta naɗe jarkokin ta ɗaure da igiya.

"Haka muke wa nono in za mu kasuwa mai nisa. Kada buhu ya bushe. Kada rana ta gan su. Kada ka ba su ruwan wani wuri."

Na ce to, Dada. Na bar buhunan a jikin jarkokin don kunyarta, amma a raina na ce mai tallan nono ce za ta koya wa Basarke riƙon kifi? Na miƙa mata bargon, ta ce in tafi da shi, mai shi ba ya bukata.

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa wuya, don yanzu ba ni kaɗai ba ne. Kowace mota sai an yi rigima kafin a bar ni in hau da ruwa. Na rungume jarkar a tsakanin ƙafafuna, na samu kara mai rami ina hura musu iska har kumatuna suka yi tsami. Safe da yamma in rage ruwan da ya gurɓace in ƙara musu daga ɗaya jarkar. Fasinjoji suka sa mini suna mai jego. Kullum sai na tsame uku ko huɗu da suka mutu, amma sauran na nan garau, har na fara shirya yadda zan shiga gari. Na ga kaina na ajiye jarka gaban dattawa, na ga Yaya na sosa ƙeya.

Tsakanin Tibati da Ngaundere motar ta yi zafi a wani hawa, ta tsaya tana tururi. Aka ce kowa ya sauka. Na ajiye jarkokin a inuwa, na matsa gefe na yi azahar. Ina sallamewa na hango direba tsaye a kan bamba, ya kafa jarkar canjina a bakin lagireto, yana tuttulawa. Na taho da gudu ba takalmi.

"Malam, me ka yi mini haka?"

Ya ce, "Ruwa na zuba. Ko so kake mu kwana a nan?"

"Ka san daga inda na ɗauko ruwan nan? Kwana biyu na yi da shi a kafaɗa."

Ya miƙo mini jarkar wayam, ya ce, "To ka yi wahalar banza, ga rafi can gaba. Amma fa ruwanka na da kyau, dubi yadda ta huce nan da nan."

Fasinjoji suka goyi bayansa, har wata mata ta ce in ji tsoron Allah, mutane na hanya ina maganar ruwa. Na kwashi jarkokina na koma mota.

Kwana biyu ban canza musu ruwa ba, saboda maganar Dada na ɗan yi mini kuwwa. Ruwan ya fara wari, suna taruwa a sama suna buɗe baki. Sai mota ta gangaro daga tudun Ngaundere zuwa Garwa, zafi ya tare mu. Na yaye bargo. Na ji gumi na bin bayana karo na farko cikin makonni, na ji kamar an sake ni daga ɗauri. Da safe na ɗauki jarkata na nufi bakin kogin Binuwai. Ga ruwa ja mai faɗi, ga jirage, ga hayaƙin banda, har na ji wasu masunta na Hausa irin ta wajenmu. Na tsoma hannu na ji ruwan da ɗumi kamar na gida.

Tun ina yaro Baba ya koya mini cewa in kana son kifi ya kai kasuwa da rai, duk inda ka samu ruwa mai gudu ka canza masa. Haka muke kai tarwaɗa har Kontagora tana motsi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na tsiyaye tsohon ruwan, na cika musu da na Binuwai. Na kwance buhun Dada na yar, na ɗora jarkar a kan yashi inda hantsi ke bugawa. Har da ce musu, to ku ma yau ku sha ɗumi, wahala ta ƙare.

Nan da nan suka fara zagaye jarkar da gudu, irin gudun da ban taɓa ganin sun yi ba. Na yi dariya, na kira wani masunci ya zo ya ga yadda suke murna. Ya leƙa, ya daɗe, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ba murna ba ce." Kafin ya rufe baki ɗaya ya juya ciki sama. Sai biyu, sai goma. Na ɗauki jarkar na ruga inuwa, na nemo buhun na jiƙa, na hura kara har na ga duhu-duhu, na karanta addu'ar Baba sau ban san adadi ba. Na ƙarshen ya kai azahar yana buɗe baki a hankali a tafin hannuna, sannan ya daina.

A wurin na gane maganar tsohon dutse. Ba tsafi a ciki, ba barazana. Sanyin da na tausaya musu a kai shi ne ransu. Jandarma ya cuce ni, Jabbi ya cuce ni, direba ya cuce ni, amma duk cikinsu ba wanda ya kashe mini kifi ko ɗaya. Na baza su a kan dutse kamar yadda muke wa warangi, suka bushe kafin la'asar. Duka-duka suka shige cikin takardar sabulun da Alhaji Sanda ya yi mini rubutu.

Na iso gida farin ruwa ya riga ni da kwana biyar. Tun daga nesa na hango jirginmu a kife a gaɓa, da na shiga gida kuma na ga injin a naɗe cikin buhu a bakin zaure. Yaya na zaune yana ɗaure kaya. Ya amsa sallamata, ya dubi jarkokin, ya ɗaga ɗaya ya ji ba nauyi, ya ajiye. Bai tambaye ni komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na durƙusa gaban Inna na kwance takardar. Na ba ta labari tun daga Garwa har Garwa, ban ɓoye yadda na ajiye su a hantsi ba. Ta ɗauki ɗaya ta kai kusa da idonta, ta juya shi, ɗigon zinariyar na nan bai goge ba.

Ta ce, "Kwana nawa sunka yi bayan ka raba su da ruwansu?"

Na ce, "Ko yini ba su yi ba, Inna."

Ta ce, "Bagudu, ka ji?"

Yaya bai juyo ba. Ya ce, "Na ji, Inna." Ya ci gaba da ɗaurin kayansa, amma daga ranar bai sake ce mata ta shirya ba.

Da yamma ta daka su ta zuba a miya, muka ci gaba ɗaya, ita da ni da Yaya da yaran. Ƙaramin ya ce miyar na ɗaci, uwarsa ta make shi. Bayan kwana uku motar Baga, can bakin tafkin Chadi, ta zo. Na taya Yaya ɗora injin da hannuna. Har direba ya tayar da mota sai Yaya ya sauko, ya koma zaure ya ɗauko jarkokin nan biyu, ya ce za su yi masa amfani a can. Inna na tsaye a ƙofar gida ba ta ɗaga hannu ba. Da ƙurar ta kwanta ta ce in je in juyo jirgin, in nemo filafilin tuƙi na Baba a bayan rumbu, gobe da aiki.